Idan Gani Ya Kori Ji, Me Zai Kori Gani?

Ƙasar noma ba ta hutu a Ɗambatta. Kamar yadda yake a duk karkarar da ta kewaye Kano, gona na jingine da gona, kuma kowane magidanci ya san bambancin gonar bayan gida da gonar nesa. Ta bayan gida ta sha takin awaki da toka da sharar tsakar gida shekara da shekaru, ita ake fara shukawa da ruwan farko, ita ake fara nomewa. Ta nesa kuwa sai abin da jaki ya iya kai mata. To, a ce dillali ya kawo wa manomi sabon irin gero mai tsada. Ba zai kai kuɗinsa jeji ba, a bayan gida zai zuba shi, ya bar tsohon irin a gonar nesa. Da kaka sai a ɗaure dami 40 a nan, 20 a can. Manomin zai rantse cewa sabon iri ya ninka tsoho, kuma bai yi ƙarya a lissafin dami ba. Abin da ya shige masa duhu shi ne, gonar bayan gida ta saba ninka ta nesa tun kafin dillali ya san hanyar garin.

Irin wannan kuskure a gona asarar kuɗin iri yake jawowa. A asibiti rai yake ci. Duk da haka, hujjar da ta fi kowace karɓuwa a harkar magani a ƙasar Hausa ita ce hujjar manomin nan: an gani da ido. Da ita mai lasifika yake sayar da maganin basir da shawara ranar kasuwa. Da ita jami'i yake rubuta rahoto cewa mace-mace sun ragu bayan an ƙaddamar da shirinsa. Da ita ma wani likitan yake kare allurar da ya saba yi shekara 20. Dukkansu sun fake da karin maganar da ke cewa gani ya kori ji. Maganar gaskiya ce a kasuwar shanu. A wajen tantance magani, ido shaida ne mai rauni, kuma tilas a nemo abin da zai tuhume shi.

Hanya biyu ta sanin amfanin magani

Masu binciken lafiya suna da manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce binciken lura. A nan mai bincike ba ya tsoma hannu. Yana bin mutanen da suka sha magani da waɗanda ba su sha ba, ko ya tono kundin asibiti, ya ƙirga waɗanda suka warke da waɗanda suka rasu. Ta biyu ita ce gwajin ƙuri'a. A nan ana tara marasa lafiya masu cuta iri ɗaya da suka amince, sai a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba gida ɗaya sabon magani, a ba ɗayan maganin da aka saba, ko ƙwayar da ba komai a cikinta idan cutar ba ta da sanannen magani.

Raunin hanyar farko shi ne raunin gonar bayan gida. Wanda ya sha magani da wanda bai sha ba sun riga sun bambanta tun kafin maganin ya shiga baki. Matar da ta je awon ciki sau 8 galibi tana kusa da titi, mijinta na da kuɗin mota, gidansu ba a rasa abinci. Idan ta haihu lafiya, nawa ne rabon awo, nawa ne rabon wadata? Wani lokaci kuma lissafin juyewa yake yi. Likita ya fi ba wanda ya galabaita magani mai ƙarfi, saboda haka idan aka duba kundi sai a ga masu shan maganin sun fi mutuwa, a ɗora wa magani laifin cuta. Masana lissafi suna da dabarun gyara wannan karkata, amma iyakarsu abin da aka auna aka rubuta. Ba wanda ke iya gyara abin da bai san da shi ba.

Ƙuri'a ce ke toshe wannan kafa, kuma Bahaushe ba baƙonta ba ne. Idan aka zo rabon gonar gado aka yanka ta kashi-kashi, ƙuri'a ake jefawa don kada wani ya zaɓar wa kansa wuri mai albarka ya bar wa ƙaninsa tsandauri. Ƙuri'a ba ta san ɗan mai kuɗi ba, ba ta san wanda likita yake tausayi ba. Idan mutanen da aka raba suna da yawa, masu ƙarfi da masu rauni za su watsu daidai a gidajen biyu, har da bambance-bambancen da ba wanda ya yi tunaninsu. Abin da ya rage tsakaninsu sai maganin. Hasali ma daga gona dabarar ta fito. Masanin lissafi Ronald Fisher ne ya kafa ta a shekarun 1920 a gonar gwaji ta Rothamsted da ke Ingila, don a daina yaudarar kai wajen auna taki da iri. Sai a 1948 aka wallafa shahararren gwajin da ya kai ta asibiti, lokacin da aka auna allurar streptomycin a kan masu tarin fuka.

Ƙarin ruwa da ya yaudari idon likitoci

Ba abin da majinyaci a ƙasar Hausa ya yarda da shi kamar ƙarin ruwa. Likitocin duniya ma sun daɗe da yarda cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya kayar, jininsa ya soma kasa zagayawa, ceto shi ne a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin gaggawa. Sun gani da idonsu: bugun jini yana dawowa, jiki yana ɗumi, yaro yana buɗe ido. Aka sa wannan a littattafai, aka koyar da shi.

A 2011 aka fitar da sakamakon wani gwajin ƙuri'a mai suna FEAST, wanda aka yi a asibitocin Uganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara 3,141. Cikin waɗanda aka ɗura wa ruwan gaggawa, kimanin kashi 10.5 cikin 100 sun rasu a cikin kwana biyu. Cikin waɗanda aka ba ruwa sannu a hankali, kashi 7.3 ne suka rasu. Wato a kowane yara 100, aikin da ake yi da niyyar ceto yana ƙara gawa 3. Aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa. Wajibi ne a fayyace cewa binciken bai shafi yaran da gudawa ta ƙarar musu da ruwan jiki ba, waɗannan ƙarin ruwa cetonsu ne. Amma darasin na nan. Likitocin ba su yi ƙarya ba da suka ce yaro yana farfaɗowa, farfaɗowar ta sa'o'in farko ce. Ba likitan da zai iya hango ƙarin mutum 3 cikin 100 a ɗakin da kullum ake mutuwa, kome gogewarsa. Da an ci gaba da dogaro da ido, da har yau ana yi ana sa wa juna albarka.

Darasin Madarunfa

Misali na biyu ya fi kusa da gida, domin tamowa ba labarin nesa ba ce ga iyaye a arewacin Kano da Katsina da Maraɗi. An daɗe ana ba kowane yaro mai tamowa mai tsanani maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoxicillin tare da abincin gyaɗa na musamman, ko da bai nuna alamar wata cuta ba. A 2010 wani binciken lura a Malawi ya duba kundin cibiyoyi, ya tarar yaran da aka ba maganin sun fi jinkirin murmurewa. Mai gaggawa zai ce a daina. Sai dai cibiyoyin da ke ba da maganin daban, waɗanda ba sa bayarwa daban, yaransu ma daban. Da masu binciken suka koma suka jefa ƙuri'a a kan yara 2,767, sakamakon da suka wallafa a 2013 ya kife na farko: kashi 7.4 cikin 100 sun rasu a gidan da bai sami maganin ba, kashi 4.8 a gidan amoxicillin.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. A gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF ta maimaita tambayar a kan yara 2,412, aka wallafa a 2016. A can maganin bai kawo wani bambanci na a-zo-a-gani wajen murmurewa ba, kashi 65.9 da kashi 62.7, ko da yake ya rage yawan yaran da sai an kwantar da su a asibiti. Yaran Malawi sun fi fama da tamowa mai kumburi da cutar ƙanjamau, na Maraɗi kuwa rama ce ta fi yawa. Masu sukar gwajin ƙuri'a suna kafa hujja da irin wannan saɓani su ce ga shi nan, shi ma ba tabbas. Abin da saɓanin ya nuna shi ne gwaji yana faɗin gaskiya ne a kan irin mutanen da aka yi shi a kansu. Don haka wanda yake son sanin abin da zai amfani yaron Ɗambatta, tilas ya yarda a yi gwaji a inda yara irin na Ɗambatta suke. Al'ummar da ta ƙi gwaji ta zaɓi ta rayu da amsoshin da aka samo a jikin wasu.

Tabon 1996

A nan ne za a ɗaga hannu a ce, an manta da Pfizer ke nan? Ba a manta ba, kuma bai kamata a manta ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Ana tsakiyar wannan tashin hankali, ayarin kamfanin Pfizer ya sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar ceftriaxone, ita ma a ƙasa da adadin da aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 a gidan Trovan, 6 a ɗaya gidan, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma sanar da su cewa likitocin MSF suna ba da sanannen magani kyauta a harabar asibitin ba. Kamfanin ya musanta, ya ce an nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan da naƙasar. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne bayan an gama aikin, aka mayar da kwanan watanta baya. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutanen Kano sun ji cewa an mayar da 'ya'yansu zakarun gwajin dafi a ma'anar kalmar ta asali, kuma wannan tabo na cikin abubuwan da suka rura wutar ƙin rigakafin shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kimanin 20, kuma yaran da suka gurgunce a lokacin ba su san Pfizer ba balle su yi mata laifi.

Amma a tsaya a tantance abin da ya ɓaci a 1996. Zargin da aka yi shi ne an ɓoye wa iyaye gaskiya, an tsallake kwamitin ɗa'a, an rage maganin da ake kwatantawa da shi, an kuma tattara an tafi bayan 'yan makonni annoba na ci. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sharaɗin ƙuri'a ba ne, dukkansu saɓa wa ƙa'idar gwaji ne. Wanda awon ƙarya ya cuta a kasuwa ba ya cewa a ƙone mudu, cewa yake a kama mai algus. Daɗin daɗawa, ƙin gwaji na gaskiya bai hana a yi gwaji a kan mutane ba. Duk wanda ya sayi jarkar haɗi a bayan mota, ko aka yi masa allurar da ba a taɓa auna ta a kan irin cutarsa ba, an yi gwaji a kansa. Ba a nemi izininsa ba, ba kwamitin da ya duba, ba wanda ya rubuta abin da ya same shi, kuma in ya mutu ba wanda zai koyi komai daga mutuwarsa. Wannan gwajin ana yin sa kullum, ba a kuma taɓa kai kowa kotu a Amurka a kansa ba.

Gwajin da Kano ta yi da hannunta

Kano ta riga ta nuna yadda gwaji yake idan 'yan gida ne ke riƙe da shi. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma an saba ungozoma ta kimanta jinin da ido. A gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, an jefa ƙuri'a tsakanin asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka bi haihuwa sama da 210,000. Rabin asibitocin suka riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, kuma da zarar ya kai iyaka sai a haɗa matakan ceto gaba ɗaya: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa da duba inda jinin ke fitowa. Sakamakon 2023 ya nuna cewa a asibitocin da suka ci gaba da yadda aka saba, kusan rabin matan da ke zubar da jini ba a gano su ba, alhali masu aiki da ma'aunin sun gano kashi 93 cikin 100. Zubar jini mai tsanani da tiyata da mutuwa a dalilinsa, in aka haɗa su, sun sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6. Ɗalibar ungozoma da ke karatu a Ɗambatta yau tana da amsar da malamanta ba su da ita jiya, kuma ƙuri'a ce ta samo mata.

Haka nan a kan amosanin jini. A ƙasashe masu arziki, yaro mai sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ana yi masa ƙarin jini kowane wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje a nan. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala Muhammad, tare da takwarorinsu na Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun raba yara 220 ta ƙuri'a tsakanin ƙaramin awo da matsakaicin awo na maganin hydroxyurea. Ba yaron da aka bari hannu rabbana, kowa ya sami magani. A 2022 aka wallafa cewa ƙaramin awon ma yana ba da kariya daidai da matsakaicin wajen shanyewar jiki, ko da yake masu shan matsakaicin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Tambayar Kano ce, a Kano aka amsa ta, kuma amsar ta zo daidai da aljihun talaka.

Inda lura take sarauta

Zalunci ne a ce binciken lura ba shi da amfani. Akwai tambayoyin da ƙuri'a ba ta da ikon taɓawa. Ba za a jefa ƙuri'a a ce wa wasu su sha taba shekara 30 ba, don haka ta hanyar lura Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙar taba da kansar huhu a 1950. Wannan Hill ɗin kuwa shi ne ya tsara ƙuri'ar gwajin tarin fuka na 1948, ya san wurin kowace hanya. A 2010, da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, lura da awon jini da awon ƙasa ne suka gano gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, bayan ta kashe yara kimanin 400. Illar ta yi girman da ba ta buƙatar ƙuri'a. Shi kansa Trovan, lura ce ta karya shi. Bayan an sake shi kasuwa don manya, rahotannin lalacewar hanta suka taru, har a 1999 hukumomin Amurka suka taƙaita amfani da shi, na Turai suka dakatar. Illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubbai ba za ta bayyana a gwajin mutum 200 ba.

Rabon aikin a fili yake. Lura ita ce mai gano bakin zare, mai gadin magani bayan ya shiga kasuwa, mai bankaɗo guba. Amma idan tambayar ita ce ko wannan magani ya fi wancan, kuma bambancin da ake nema na mutum 2 ne ko 3 cikin 100, kamar yadda yawancin bambance-bambancen magani suke, to lura ba ta da hurumin yanke hukunci. Wannan ma'auni bai ware maganin gargajiya ba, bai kuma raina shi ba. Daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka samo artemisinin, kuma abin da ya ɗora allurarsa a kan kwinin shi ne gwajin ƙuri'a na 2010 a kan yaran Afirka 5,425, har da na Nijeriya, inda mace-mace suka sauka daga kashi 10.9 zuwa 8.5. Saiwar da ke da magani ba ta tsoron ƙuri'a.

Saboda haka aikin da ke gaban hukumomin lafiya na Kano da malamai da masu unguwanni shi ne tsare ƙa'ida, ba korar masu bincike ba. Tun 2007 Nijeriya take da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. A tabbatar ana bin sa har a ƙauye: a yi wa uwa da uba bayani da Hausar da suke ji, a gaban shaida in ba sa karatu, a gaya musu cewa ƙin shiga ba zai hana a duba ɗansu ba, a nuna takardar kwamitin ɗa'a kafin a taɓa kowa, kuma in an gama a dawo garin a faɗi abin da aka samu. Shi kuma wanda ya zo da labarin magani ko shiri mai ban mamaki, ko da lasifika ya zo ko da rahoto mai tambarin gwamnati, tambaya biyu ta ishe shi: da su wa aka kwatanta waɗanda suka warke, kuma wa ya zaɓi wanda zai sha? In ya ce shi ya zaɓa, to a gonar bayan gida ya shuka irinsa.